Wa Zai Biya Tafinta? Tarihin Kurame da Baitulmalin Amurka

Kafin shekarun 1960, idan kurma ya shiga kotu ko asibiti a Amurka, wanda zai tsaya tsakaninsa da alƙali ko likita ba ma'aikacin kowa ba ne. Galibi ɗansa ne ko 'yarsa, waɗanda suka tashi da maganar hannu a gida tun kafin bakinsu ya buɗe. Wani lokaci malamin makarantar kurame ne, wani lokaci limamin cocin da ke yi musu wa'azi da hannu. Ba a biyan kowa ko sisi, su kansu masu taimakon za su ji kunyar karɓa, don a wurinsu zumunci ne da neman lada. Sai dai abin da aka yi maka kyauta ba ka da bakin kushe shi. Idan mai taimakon ya rage maka bayanin likita don kada hankalinka ya tashi, ko ya gyara maganarka a gaban alƙali don yana ganin ya fi ka sanin abin da ya dace da kai, godiya kawai za ka yi. Sau da yawa yarinya 'yar shekara goma ce ke gaya wa mahaifiyarta sunan cutar da ita kanta ba ta san ma'anarta ba.

Ba wai hukuma ba ta kashe wa kurame kuɗi ba ne. Tun 1817 aka buɗe musu makaranta a garin Hartford, inda Thomas Gallaudet ya gayyato wani malami kurma daga Faransa mai suna Laurent Clerc. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar kafa musu kwaleji a Washington, wadda daga baya ta zama Jami'ar Gallaudet. Amma bayan taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, wanda ya yanke cewa a koyar da yaro kurma magana da baki da karatun leɓe, sai yawancin makarantu suka kori maganar hannu daga aji. Kusan shekara tamanin ana kallonta a matsayin nune-nunen wanda ya gaza. Abin da ba a yarda harshe ne ba kuwa, babu mai ware kuɗi don a fassara shi. Sai a 1960 wani malamin Turanci a Gallaudet, William Stokoe, ya wallafa binciken da ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka cikakken harshe ne, mai nahawunsa da ƙa'idojinsa waɗanda ba na Turanci ba.

Wannan tarihi ya taɓo mu ta wata fuska. Andrew Foster, baƙar fata kurma da ya gama digiri a Gallaudet a 1954, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, daga baya har Kamaru da Chadi. Ta hannunsa maganar hannun Amurka ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantun kuramen Najeriya, alhali kuramen Kano da kewaye suna da tasu ta gado wadda ta girme ta a ƙasar Hausa.

Ƙofar da kuɗin gwamnatin tarayya ya fara shigowa ba ta kotu ba ce, ba kuma ta asibiti ba. Ta ofishin sama wa naƙasassu sana'a ce. A wannan ofis akwai wani ma'aikaci, Boyce Williams, wanda sanƙarau ya kurmantar yana da shekara 17, kuma tun 1945 yake riƙe da teburin kurame. Shugabar ofishin, Mary Switzer, ta ba shi dama ya riƙa tara mutane taruka da kuɗin hukuma. A ɗaya daga cikinsu, wanda aka yi a kwalejin Ball State ta jihar Indiana a watan Yunin 1964, mahalarta suka amince a buɗe rajistar masu iya fassara wa kurame, ƙungiyar da yanzu aka sani da RID. Yawancin waɗanda suka sa sunansu malamai ne da ma'aikatan coci da 'ya'yan kurame, kowa da aikin da yake ci da shi. A shekara ta gaba, 1965, Majalisar Dokoki ta gyara dokar koyar da naƙasassu sana'a, ta halatta wa ofisoshin jihohi su biya tafinta idan kurma yana koyon aiki ko neman aiki a ƙarƙashinsu.

Hujjar da aka bayar a lokacin ta tattalin arziki ce zalla: kurma mai sana'a zai biya haraji, marar sana'a zai dogara da hukuma. Hujjar ba ta da daɗin ji, amma ta yi aiki, kuma daga ranar da aka fara biya dangantakar ta canza. Wanda aka biya ana iya tambayarsa takardar ƙwarewa, ana iya ɗora masa amanar riƙe sirri, ana iya sallamarsa a kira wani. RID ta fara jarraba tafintoci a 1972, a 1974 kuma gwamnati ta ba cibiyoyin ilimi shida kuɗi don su horar da sababbi. Gaggawar tana da dalili. Annobar wani nau'in ƙyanda da ake kira rubela ta ratsa Amurka a 1964 da 1965, ta kama mata masu juna biyu, aka haifi dubban jarirai kurame. Kowa ya san yaran nan za su isa makaranta, su isa jami'a, kuma tafintocin da ke ƙasar ba za su ishe su ba.

A watan Satumban 1973 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a sabuwar dokar kula da naƙasassu, bayan ya ƙi amincewa da ita har sau biyu saboda yawan kuɗin da za ta ci. A ƙarshenta akwai wani gajeren sashe, na 504, wanda ya ce duk wata cibiya da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum saboda naƙasarsa. Jami'o'i da asibitoci, waɗanda kusan dukkansu suna karɓar irin wannan kuɗi, suka gane abin da ke tafe, suka yi ta kai kuka. Ƙa'idojin aiwatar da sashen suka zauna a kan tebur kusan shekara huɗu ba sa hannu. A ranar 5 ga Afrilu 1977 gamayyar ƙungiyoyin naƙasassu, wadda wani kurma mai digirin digirgir, Frank Bowe, yake jagoranta, ta kira zaman dirshan a ofisoshin ma'aikatar lafiya da ilimi. A yawancin birane an watse cikin kwana ɗaya ko biyu. A San Francisco mutane fiye da ɗari, makafi da guragu da kurame, suka kwana a ginin kusan mako huɗu, 'yan ƙungiyar Black Panther suna kawo musu abinci. Da hukuma ta katse layukan tarho don ta raba su da duniya, kurame da tafintocinsu suka koma bakin taga suna aika saƙo da hannu ga 'yan'uwansu da ke tsaye a titi. Ranar 28 ga Afrilu ministan, Joseph Califano, ya sa hannu.

Ƙa'idojin sun ambaci tafinta ƙarara a cikin taimakon da jami'a da asibiti za su bayar. Amma sashe na 504 bai zo da ko kwabo ba. Umarni ne kawai: kai da ke cin kuɗin gwamnati, ka nemo daga aljihunka. Daga nan shari'o'i suka fara, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke. Walter Camenisch, ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Texas, ya nemi tafinta, jami'ar ta ce samunsa ya fi ƙarfin a ba shi tallafi, don haka ya biya da kansa. Kotu ta umarci jami'ar ta biya kafin a gama shari'a, da sharaɗin shi kuma ya ajiye jinginar dala 3,000. Kafin maganar ta isa Kotun Ƙoli a 1981 har ya gama karatunsa, abin da ya rage kawai shi ne wanda lissafin zai hau kansa, kuma alƙalan suka mayar da tambayar ƙaramar kotu ba tare da sun amsa ta ba. Wani wuri da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kai tsaye a waɗancan shekarun shi ne kotunanta, bisa wata doka ta 1978 da ta tanadi tafinta ga wanda hukuma ta gurfanar alhali ba ya jin Turanci ko ba ya ji kwata-kwata.

Shari'ar da ta fi ciwo ita ce ta Amy Rowley. Dokar ilimin yara naƙasassu ta 1975 ta buɗe wa yara kurame makarantun unguwarsu, Majalisa kuma ta yi alkawarin tallafa wa jihohi da abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin karatun ɗalibi, alkawarin da a yawancin shekaru ko rabinsa ba a cika ba. Amy tana firamare a wani gari na jihar New York. Iyayenta duka kurame ne, ita kuma yarinya ce mai kaifin basira, gwanar karatun leɓe. Makarantar ta ba ta na'urar ƙara ji da malamin da ke zama da ita awa ɗaya kullum, amma ta hana ta tafinta. Ƙaramar kotu ta gano cewa abu mai yawa na wuce ta a aji, ta ba iyayen gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. A Kotun Ƙoli lauyansu, Michael Chatoff, ya zama kurma na farko da ya tsaya ya kare ƙara a gaban alƙalan, yana karanta tambayoyinsu a fuskar kwamfuta. Ranar 28 ga Yuni 1982 alƙalai shida cikin tara, da alƙalamin Mai Shari'a William Rehnquist, suka yanke cewa doka ba ta wajabta wa makaranta ta kai yaro iyakar basirarsa ba. Tunda Amy tana cin jarrabawa tana wucewa aji na gaba, an sauke nauyi. Mai Shari'a Byron White, a cikin waɗanda suka saɓa, ya nuna cewa yarinyar da ke fahimtar ƙasa da rabin abin da ake faɗa a aji ba a ba ta dama daidai da sauran yara ba.

A ganina White ne ya ga gaskiyar lamarin. Hukuncin ya mayar da ƙoƙarin yarinyar hujja a kanta: da daƙiƙiya ce tana faɗuwa, da an ba ta tafinta. Iyalin suka tattara suka koma jihar New Jersey, inda wata makaranta ta ba ta abin da kotu ta hana ta. Daga baya ta zama farfesa a jami'a. Shekara 11 bayan hukuncin Amy, a 1993, Rehnquist ɗin nan ne ya rubuta hukuncin da ya ba wani yaro kurma, James Zobrest, gaskiya. Hukumar ilimi a jihar Arizona ta ƙi biyan tafintansa don ya shiga sakandaren Katolika, tana cewa tsarin mulki ya hana kashe kuɗin hukuma a kan addini. Alƙalai biyar cikin tara suka ce tafinta na yaro ne, ba na makaranta ba, kuma ba ya ƙara komai a kan abin da malami ya faɗa. Kafin hukuncin ya fito yaron ya gama sakandare, iyayensa sun biya daga aljihunsu.

Tsakanin shari'o'in biyu abubuwa sun motsa. A watan Maris na 1988 ɗaliban Gallaudet suka rufe jami'ar mako guda har shugabar da aka naɗa, mai ji wadda ba ta iya maganar hannu ba, ta yi murabus, aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko a kujerar. Duk ƙasar ta kalli abin a talabijin ta bakin tafintoci. Ranar 26 ga Yuli 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu da ake kira ADA. Sanata Tom Harkin, wanda yayansa kurma ne, ya gabatar da wani ɓangare na jawabinsa a zauren Majalisar Dattawa da maganar hannu.

Dokar ta bi hanya biyu a kan kuɗi, kuma abin da kowacce ta haifar shi ne babban darasin wannan tarihi. Hanya ta farko ita ce ta sashe na 504, an faɗaɗa ta kawai: likita mai zaman kansa, lauya, banki, kamfanin da ya ɗauki ma'aikaci kurma, kowa shi zai biya tafinta, kuma haramun ne ya ɗora wa kurman kuɗin. An bar masa mafita idan nauyin ya fi ƙarfinsa ƙwarai, an kuma ba ƙananan 'yan kasuwa rangwamen haraji da bai wuce dala 5,000 a shekara ba. Hanya ta biyu ta wayar tarho ce. A nan aka kafa asusu guda, wanda kamfanonin sadarwa ke zuba wani kaso na cinikinsu, su kuma su tara shi kaɗan-kaɗan daga masu amfani da waya, hukumar sadarwa ta FCC tana kula da shi. Da farko aikin na rubutu ne: kurma ya buga saƙo a na'ura, ma'aikaci a tsakiya ya karanta wa mai ji, ya rubuto amsa. Ya game ƙasar a 1993. A shekarar 2000 hukumar ta amince asusun ya riƙa biyan kira ta bidiyo, inda kurma ke magana da hannu da tafinta ta intanet, shi kuma yana faɗa wa wanda aka kira. Cikin 'yan shekaru kurma a Amurka ya samu abin da kakanninsa ba su taɓa samu ba: tafinta dare da rana, a harshensa, ba tare da roƙon kowa ba.

Kuɗin ya jawo ɓarna. Ana biyan kamfanoni ne a kan kowane minti na kira, a wani lokaci fiye da dala 6, ga sa ido mai rauni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Nuwamban 2009 gwamnati ta tuhumi mutum 26 da shirya kiran bogi, inda ake biyan mutane su buɗe layi su bar shi yana tafiya ba mai magana, aka kwashi miliyoyin daloli. A cikin waɗanda aka ɗaure har da kurame masu kamfani, abin da ya yi wa al'ummar zafi matuƙa. Hukumar ta tsaurara ƙa'idoji, ta rage farashin minti, amma ba ta rufe asusun ba, kuma har yanzu yana biyan ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara. Wata illar da ba a hango ba ita ce kamfanonin bidiyo sun kwashe gwanayen tafintoci da albashi mai tsoka, aka rasa masu zuwa asibiti da makaranta a ƙananan garuruwa.

A ɗaya hanyar kuwa, ga yadda abin yake. Kurma zai ɗauki waya ya kira asibiti ta bakin tafinta kyauta, a sa masa ranar ganin likita. Idan ya iso ɗakin likitan, ba a yarda a yi amfani da wannan layin ba, don ƙa'ida ta hana shi ga mutanen da ke ɗaki ɗaya. Yanzu likita ne zai biya, kamfanonin tafinta kan caji awa biyu ko da ganin na minti 20 ne, kuma sau da yawa kuɗin ya fi abin da inshora za ta ba likitan. Doka ta ce ba da ziyara ɗaya ake auna nauyi ba, da dukiyar asibitin gaba ɗaya ake aunawa. A 2008 wata kotu a New Jersey ta ci wani likita dala 400,000 saboda ya daɗe yana duba wata kurma mai ciwo mai tsanani ba tare da tafinta ba. Amma mai ciwo likita yake nema, ba lauya ba, kuma duk tsarin da ya sa likita ya riƙa ganin majiyyaci a matsayin asara zai sa a riƙa ce masa babu gurbi. Sai a gyaran ƙa'idoji na 2010 aka fito fili aka hana dogaro da ƙaramin yaro ya yi wa iyayensa tafinta, in ba cikin gaggawar ceton rai ba. Asibitoci da yawa sun koma hayar tafinta ta bidiyo don ta fi araha, kurame kuma suna ta kai ƙara a kan hoton da ke tsayawa cak ana tsakiyar naƙuda.

Wasu ƙasashe sun bi ta asusu tun da wuri. A Finland hukumar inshorar jama'a ce ke biya, kuma doka ta ba kowane kurma aƙalla awa 180 a shekara, kurma makaho 360. A Kanada Kotun Ƙoli ta yanke a 1997, baki ɗaya, cewa lardin British Columbia ya tauye haƙƙin kurame da ya ƙi biyan tafinta a asibiti. Cikin masu ƙarar har da wata mata da ta haifi tagwaye bakwaini ba wanda ke gaya mata halin da ake ciki, kuma ƙiyasin kuɗin aikin duka dala 150,000 ne na Kanada a shekara. Ƙungiyar kuramen Amurka ta ƙasa, NAD, wadda aka kafa tun 1880, ta daɗe tana ba da shawarar a yi wa likitoci da lauyoyi irin wannan asusu na haɗaka, kowa ya zuba kaɗan a cikin kuɗin lasisinsa. Shawara ce mai ma'ana, amma ba ta wuce gwaji a wurare kaɗan ba.

Ita kanta Fadar White House sai da aka kai ta kotu. Lokacin annobar korona gwamnonin jihohi suna jawabi da tafinta a gefensu, amma fadar shugaban ƙasa ba ta da shi. NAD ta shigar da ƙara, a watan Satumban 2020 Mai Shari'a James Boasberg ya umarci a sa tafinta a duk bayanin da ya shafi annobar. A watan Janairun 2021 sabuwar gwamnati ta mayar da shi al'ada a taron 'yan jarida na kullum. A watan Janairun 2025, da mulki ya sake canzawa, aka daina. A watan Mayu na shekarar NAD ta koma kotun tarayya da ke Washington tare da wasu kurame biyu, tana kafa hujja da sashe na 504.